Yadda Na Ƙetarar da Rijiyoyin Tozai Zuwa Nijar

Ni ce mutum ta farko a tarihin Illela da ta ƙetarar da rijiya zuwa Nijar. Ba ɗaya ba, goma sha ɗaya, da ruwansu da gugansu, kuma a shekarar da aka rufe iyaka, lokacin da ko kaza ta doshi Kwanni, garin da ke tsallaken iyakar, sai an tambaye ta takarda. Ban hau mota ba, ban ɗauki hayar raƙumi ba. Da rula na yi aikin, da guntun fensir, ina zaune a zauren kakana.

A hutun damina ne, na gama aji uku a makarantar kwana. Yayana yana shekarar ƙarshe a jami'a a Sakkwato, yana karatun labarin ƙasa. Kafin a ba shi digiri sai ya yi wani bincike ya rubuta, shi kuma duk abubuwan da ke duniya sai ya zaɓi rijiyoyi. Abin da yake son sani shi ne, rijiyoyin ƙauyukan Tozai da Lafani da Araba, a warwatse suke kamar an watsa wa kaji tsaba, ko a cunkushe suke wuri-wuri, ko kuwa a jere suke da tazara daidai. Da ya yi mini bayani na ce, "Yaya, shekara huɗu kana jami'a don ka ƙirga ramuka?" Ya jefe ni da silifa. Bai same ni ba.

Wata guda ya yi yana yawo a kan babur ɗin babanmu, da kakanmu a baya. Kakan nan mahaifin babarmu ne, kuma haƙar rijiya ce sana'arsa tun yana saurayi har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Babu rijiya a ƙasar nan da bai haƙa ba, ko bai yashe ba, ko bai zagi wanda ya haƙa ta ba. Suka dawo da littafi cike da rijiya arba'in da bakwai, kowace da bayaninta: wannan bayan tsamiya take, waccan kusa da gidan wanzami, waccan inda jaki ya taɓa faɗawa.

Sai ga wasiƙa daga malamin yaya. Ya ce lissafin da zai nuna ko a cunkushe suke ko a warwatse ya fi ƙarfin hannu, kwamfuta ce za ta yi, kwamfutar kuwa tana Zariya. Ya ce wannan na'ura ba ta san tsamiya ba, ba ta san wanzami ba, ko taswira aka nuna mata ba ta gani. Lamba kawai take ci. Kowace rijiya a ba ta lamba biyu: kilomita nawa take gabas, kilomita nawa take arewa, daga kusurwa ɗaya da aka tsayar. Ya haɗo da takarda biyu masu ƙananan akwatuna, kowane akwati lamba ɗaya, domin a can za a huda su a kan kati na'urar ta haɗiye. Ranar Asabar zai tafi Zariya da takardun ɗalibai duka. Wanda tasa ba ta iso ba, sai baɗi.

Wasiƙar ta yi mako biyu tana barci a aljihun wani direba. Ranar Litinin ta iso mana. Ranar Talata yaya ya tashi da afolo.

Wanda bai ga afolon yayana ba bai ga afolo ba. Idanun nan suka yi ja kamar garwashi, suka kumbura, kwantsa ta liƙe su kamar da ƙaro. Kowa a gida ya gudu, don an ce ko kallon mai shi ka yi ka kamu. Babarmu takan turo masa kwanon tuwo da sanda. Yana zaune a ƙofar ɗaki da tawul a ka, kamar an yi masa mutuwa. Babanmu yana ofis tun safe har yamma, saboda haka babu wani mai ilimi a gidan sai ni.

"Ke," in ji yaya, yana magana da bango don bai san inda nake ba, "kin iya aiki da rula?"

"Ni ce ta biyu a lissafi."

"Daga sama ko daga ƙasa?"

"Ya danganta da inda ka fara ƙirge."

"Don Allah ki bar wasa. In takardar nan ba ta bi motar Juma'a ba, na maimaita shekara."

Na ga da gaske yake. Tausayi ya kama ni sosai, don haka rediyonsa kawai na nema, har ƙarshen hutu. Ya ce ni azzaluma ce. Ya yarda.

Dabararsa ita ce kaka ya shimfiɗa ƙasar duka a daɓen zaurensa, tunda tana cikin kansa, ni in kwafe a takarda, in auna, in mayar da ita lambobi.

Ranar Laraba da hantsi na tarar kaka ya share zaure fes, ya zauna a kan buzunsa.

"Amarya, kin makara," ya ce. Haka yake kirana tun ina rarrafe.

"Tsoho, ai ban san angon nawa shina da sauran ƙarfin tashi da safe ba."

"Zamna nan, marar kunya. Ki buɗe ido, tunda na yayanki sun rufe."

Ya ajiye goro ɗaya, ya ce Illela ke nan. Ya ajiye duwatsu uku, Tozai da Lafani da Araba. Sannan ya jawo kwanon soyayyiyar gyaɗa mai gishiri da babarmu ta aiko masa, ya fara ajiye rijiyoyi. Da taƙi yake aunawa, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, in abin ya zo kusa-kusa ya koma faɗin yatsa. Kuma babu ƙwayar gyaɗar da ta sauka ƙasa ba tare da tarihinta ba. Wannan zurfinta gaba goma sha biyu ne, ruwanta kamar madara. Waccan wani sakarai ya haƙa ta a karkace. Waccan kuma ruwanta kanwa ne, ko wake ka jiƙa a ciki sai ya dahu da kansa. Yaya yana waje a gindin bango da tawul ɗinsa, ni ina karanto masa littafi da ƙarfi, yana cewa e, haka ne, ita ce.

Ba mu gama ba sai da aka kira azahar. Kaka ya juye sauran gyaɗar a aljihu, ya ce zai kai wa abokansa na masallaci, ya ja yaya da hannu suka tafi. Ni aka bari gadi saboda kaji.

Ina so a fahimce ni. Tun kunun safe ban ci komai ba. Ga ni zaune, ga gyaɗa arba'in da bakwai suna kallona, gishirin jikinsu yana walƙiya. Na ce bari in ɗauki ɗaya daga gefe, in ɗan lasa, in mayar. Rijiyar ta yi daɗi. Na ɗauki maƙwabciyarta don kada ta yi kaɗaici. Kafin hankalina ya dawo na cinye rijiya huɗu a Lafani, mutanen wata unguwa duka na bar su ba ruwan alwala.

Na sheƙa madafa a guje na samo ɗanyar gyaɗa huɗu. Da na dawo sai na rasa inda na farkon suke. Na duba, na duba, daɓe bai nuna komai ba. Sai na jera su a layi, tazara daidai, tsaf-tsaf, har na ja baya na yaba aikina. A gaskiya sun fi na kaka kyau. Da ya dawo bai ko kalli ƙasa ba, ya wuce ciki ya kwanta.

Da la'asar na kafa ƙusoshi a gefen daɓen, na ja zare tsaye da kwance, ƙasar Illela ta zama gida-gida kamar dara, kowane gida taƙi ɗaya. Na buɗe takardar buhun siminti na zana irin gidajen a kai. Na hau buzun kaka na zauna daidai inda ya zauna, na kwafe kowace gyaɗa da ɗigon fensir.

"Yaya, daga ina zan fara aunawa?"

"Kusurwar ƙasa ta hagu. Dama gabas, sama arewa."

"Ka tabbata?"

"Ke, shekara huɗu nike karatun abin nan. Kowace taswira a duniya arewa ke sama."

Ya san nisan Illela zuwa Tozai daga agogon babur, don haka muka raba da yawan taƙin kaka, muka gano kilomita nawa ke cikin taƙi ɗaya. Ya kuma kafa doka cewa kada a share zauren sai takarda ta tafi, aka kife gyaɗar da tabarma aka ja ƙofa.

Ranar Alhamis tun safe nake aunawa ina rubutawa. Rijiya arba'in da bakwai, lamba biyu-biyu, har da na goron Illela a sama. Akwatunan nan ƙanana ne kamar an yi su don tururuwa ta yi jarrabawa. Yatsuna suka ƙage, wuyana ya sanƙare, sau uku babarmu tana kirana wanke-wanke ina ce mata ina aikin jami'a. Kafin magariba na cika takarda ɗaya tas, ba kuskure, ba gogewa. Na ɗauki rediyo na kunna a gaban mai shi.

Ranar Juma'a da safe kawu ya zo duba yaya. Ƙanen babarmu ne, ɗan kasuwa, wanda kafin a rufe iyaka yakan yi sallar asuba a Illela ya karya kumallo a Kwanni. Tun da aka rufe, zaman gida ya ishe shi, duk inda ake wani abu sai ya tsoma baki. Ya shigo da baƙin tabarau don kada ya kamu. Yana da wata tsohuwar taswira ta Faransawa da yake ninkewa a jakarsa, mai layukan kilomita, da iyakar ƙasa an zana ta da ƙananan alamu a jere. Yaya ya ce tunda ga taswira, a gwada lambobi biyu-uku a gani, don hankali ya kwanta.

Na miƙa takardata ina taƙama. Kawu ya shimfiɗa taswirarsa a kan tabarma, ya ɗora yatsa a kan Illela.

"Karanto min ɗaya."

"Ta talatin da ɗaya. Tozai, bakin kasuwa."

Na faɗi lambobin, ya cire na Illela a ciki, ya fara ƙirga layuka. Yatsan ya yi sama. Ya ƙara yin sama. Ya tsallake iyaka ko sallama babu. Ya wuce Kwanni. Ya ci gaba da tafiya har na fara tunanin Agadas za shi, sannan ya tsaya a wani fili da ba kowa.

Kawu ya cire tabarau ya dube ni.

"Ɗiyata, sake karantowa."

Na sake. Yatsan ya koma wurin. Muka gwada ta talatin da biyu, ta bi 'yar'uwarta. Ta talatin da uku ma haka. Rijiyoyin Tozai goma sha ɗaya, kaf, sun yi hijira.

"La ilaha illallahu," in ji kawu. "Shekara ashirin ina wanga aiki. Mafi girman abin da nit taɓa ƙetarawa da shi buhun gero goma, shi ma sai da nir rame. Ke kin ƙetara da rijiya goma sha ɗaya, iyaka na rufe, ko jandarma ɗaya bai gan ki ba! Gobe ki zo mu yi kasuwanci tare."

"Mi ya faru?" in ji yaya daga ƙarƙashin tawul. "Kawu, mi ya faru?"

"Ba komi, ɗana. Mutanen Tozai dai su tanadi sefa, don daga yau a Nijar za su sayi ruwa."

Yaya ya miƙe tsaye ya yi karo da ƙofa. Ya ce na ɓata lissafin taƙi. Na ce lissafina daidai yake, rularsa ce ta tsufa. Ya ce zai karɓe rediyonsa. Na ce sai dai ya nemo inda na ɓoye shi da idanun da ba shi da su. Babarmu ta leƙo daga madafa ta ce in ba mu yi shiru ba za ta haɗa mu da muciya, da mai digiri da marar digiri. Daga nan sai yaya ya zauna a ƙasa ya ja tawul ya rufe fuska. Rana ta riga ta ɗaga. Motar Sakkwato ana sallame Juma'a take tashi.

Kawu ya ce mu tafi wurin mai ƙasar. Muka kwashi takardu, aka ja yaya, muka nufi zaure. Kaka ya saurari ƙarar kowa yana taunar goro. Na lura goron Illela ne ya zaro daga ƙarƙashin tabarma, amma ban ce komai ba, saboda ni ma ina da nawa laifin a wajen. Ya sa aka ɗage tabarmar. Ya karɓi takardar simintina ya riƙe ta nesa da fuska.

"Amarya, ina gabas ga wagga takarda taki?"

Na nuna hannun dama.

"Wa yac ce maki?"

Na nuna tawul.

"Kaka," in ji yaya, "ai duk taswira arewa ke sama."

"Mi ag ga arewa da za a ɗora ta sama? Kwanni?"

Kawu ya fashe da dariya har tabarau ya faɗi.

"Ku saurara, 'yan boko," kaka ya ce. "Mutum in za shi zana ƙasa, ina za shi fuskanta in ba alƙibla ba? Gabas gabanka, yamma bayanka, arewa hagunka, kudu damanka. Haka ubana ya zana min, haka kowane mahaƙi ka zanawa. In an kira ni haƙa, gabas nika fara dubawa in yi bisimilla. Sai yau za ni ba ta baya don wata na'ura da ba ta ko alwala?"

Na dubi buzun. Na dubi bangon da yake kallo. Bangon nan, tun ina 'yar shekara bakwai in na yi salla a zauren shi nake fuskanta. Na zauna a kan buzun yini guda ina kallonsa, na rubuta masa arewa da babban baƙi. Duk abin da kaka ya ajiye a gabas, ni na tura shi arewa, arewa da Illela kuwa babu komai sai ƙasar mutane. Yaya ya yi wata guda da tsohon nan a bayan babur, bai taɓa tambayarsa ba, ranar da aka shimfiɗa gyaɗar kuma ba ya gani.

"To ai da sauƙi," in ji yaya, murya ta dawo masa. "A musanya layukan. Lambobin arewa su koma gabas, na gabas su koma arewa."

Takardar akwatuna ɗaya ta rage mana, don haka na ce sai mun gwada a bayan littafi tukuna. Na musanya, na karanto, kawu ya bi da yatsa. Tozai ta taso daga Nijar ta dawo gabas inda Allah ya ajiye ta, sai dai ta tsaya a kan layin iyaka, ƙafa ɗaya nan ƙafa ɗaya can. Muka ce ba laifi, an samu ci gaba. Sai kawu ya ce a gwada Lafani.

Yatsan ya yi sama. Ya tsallake iyaka.

"An yi musayar fursuna," in ji kawu. "Sun ba mu Tozai sun karɓi Lafani."

Yaya ya kama kansa da hannu biyu. Kaka ya ce shi dai ya yi nasa, ƙasa tana nan a daɓe daidai, in takarda ta haukace ba ruwansa.

A nan ne, kuma ina so a rubuta wannan a tarihi kusa da batun fasa-ƙwaurin, ta biyu a lissafi ta nuna kanta. Na hau buzun na zauna irin zaman kaka, na miƙa hannuwana biyu. Dama kudu ce. Ni kuwa daga hagu na auna zuwa dama. Ke nan duk lambar da ta girma a layin nan, ba arewa take ƙara yi ba, kudu take ƙara yi. Musanya kaɗai ta kifar da ƙasar kamar an juya waina a tanda.

"Yaya, musanya ba ta isa ba. Sai an ɗebe kowace lamba daga faɗin takardar duka. Abin da ya rage shi ne arewa."

Ya fara motsa yatsu a iska yana lissafi.

"Daga sama ne," ya ce.

"Mi?"

"Ta biyun. Daga sama ne."

Na fara ɗebewa. Arba'in da bakwai, ɗaya bayan ɗaya, ina faɗa da ƙarfi, yaya yana bi da ka, kawu yana ɗiga kowace a kan taswirarsa da fensir. Lafani ta dawo gida. Tozai ta janye ƙafarta daga iyaka. Araba ta zauna inda kowa ya san ta. Kawu ya ce yau an yi sulhu tsakanin ƙasa biyu ba tare da gwamna ya sani ba.

Na jawo takardar akwatuna ta ƙarshe ke nan zan fara kwafewa, sai kaka, wanda ya gaji da zama ya sunkuya yana duba gyaɗarsa, ya ce, "Tsaya."

Ya nuna da sanda.

"Waɗanga huɗu, soja na?"

Na yi kamar ban gane ba.

"Wane irin soja, tsoho?"

"Ga su nan sun yi fareti. Rijiya ba ta jeruwa haka. Ruwan Lafani ƙarƙashin fadama shi ka bi, shina lanƙwasa kamar maciji, mu kuma mu bi shi. Nan da anka jera su tudu na, dutse zalla. Ko ka haƙa har jikokinka su gaje ka, ƙura za ka sha." Ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya jefa a baki. "Kuma ɗanya ta. Ni soyayya nis sa."

Kowa ya juyo gare ni, har da tawul.

Na yi tunanin kaji. Na yi tunanin ɓera. Har aljani na yi tunani, don zauren tsoho ne, za a iya yarda. Amma na tuna takardar nan ita ce ta ƙarshe, kuma duk ƙaryar da na zuba a akwatunan nan, da sunan yayana za ta tafi Zariya.

"Na cinye su," na ce.

"Kin mi?"

"Huɗu kawai. Yunwa nike ji."

Wallahi sai da idon yaya na hagu ya buɗe, karo na farko cikin kwana huɗu. Ya ce ko na san abin da na yi? Tambayar binciken duka ita ce ko a jere suke ko a cunkushe, ni kuma na je na jera huɗu da hannuna don su yi kyau. Kawu ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki, yana cewa ta sayar da sha ɗaya ta cinye huɗu, a taimaka a ƙirga sauran. Kaka ya girgiza kai ya ce shi ya fasa auren, ba zai iya ciyar da matar da ke cin rijiya ba. Sannan ya fita tsakar gida ya tsinto tsakuwa huɗu.

"Ga abin da ba a ci," ya ce.

Ya ajiye su ba tare da ya yi wani tunani ba, uku kusa da juna kamar suna gulma, ɗaya can gefe. Na auna, na musanya, na ɗebe, kawu ya ɗiga. Suka faɗa daidai kan shuɗin layin fadama da Faransawa suka zana.

Ana kiran salla na farko na fara cika akwatuna. Ban taɓa rubutu da sauri da tsoro haka ba. Mazan suka tafi masallaci suka bar ni, wannan karon kaka ya kwashe gyaɗarsa duka ya tafi da ita. Gumi yana ɗiga daga haɓata, ina kare takardar da gefen mayafi. Ina rubuta lambar ƙarshe ina jin hayaniyar masu dawowa. Kawu ya fizge takardar, ya sa a ambulan, ya haye babur. Ya ce ya tarar motar ta riga ta fita daga tasha, sai da ya bi ta har bayan gari yana danna mata oda, ya miƙa wa direba ta taga. Ya kuma ja masa kunne cewa in wannan ta kwana a aljihu, shi da shi ne.

Ranar Lahadi na tashi idanuna a liƙe. Yaya, wanda nasa suka warke sarai, ya turo mini kwanon kunu da sanda, ya ajiye mini tawul ɗinsa. Bai karɓe rediyon ba. Ya ce mai afolo ya fi kowa buƙatarsa.

Sai a hutu na gaba na ga sakamakon. Yaya ya ci, ba zai maimaita ba, ya dawo gida yana tafiya kamar shi ya ƙera kwamfutar. Ya zo da wata doguwar takarda mai huji-huji a gefe, in an warware ta za ta kai daga zaure zuwa bakin titi, lambobi ne zalla, sai a ƙarshe na'urar ta zana rijiyoyin da ƙananan taurari. Muka kai wa kaka.

"To, mi tac ce?"

"Ta ce a cunkushe suke, kaka. Ba a warwatse ba. Malam ya ce suna bin inda ƙasa ta yi kwari."

"Wato rijiya na bin ruwa."

"E, kusan haka."

"Har Zariya anka tahi don wanga? Da kun tambayi jakina, da ya rage muku kuɗin mota."

Ya karɓi shafin taurarin duk da haka. Ya riƙe shi nesa, ya matso da shi, ya yamutsa fuska. Sannan ya gyara zama a kan buzu, ya juya takardar a hankali har Tozai ta koma sama, ta fuskanci bangon. Ya bi taurarin da yatsa, yana motsa baki, har ya iso uku masu gulma da ɗaya a gefe.

"Yawwa," ya ce. "Yanzu ta yi hankali. Amarya, matsa can, kada ki cinye min wagga ma."